Hoton Kakana a Bakin Ruwan Apapa

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi gabanku. Bayan rasuwar kakarmu, Allah ya jiƙanta, mun buɗe adakarta za a raba kaya, sai muka tarar da wata ambulan can ƙasa, ƙarƙashin tsoffin zannuwa. Hotuna huɗu ne a ciki. Uku irin katunan nan ne da Turawa kan saya su manna kan sarki su aika gida: gadar Kata, titin Marina da itatuwansa a jere a bakin ruwa, sai wani jirgi da ake loda wa buhuna. Na huɗun kuwa ba kati ba ne. Mutum goma sha ɗaya ne a gaban tulin buhunan gyaɗa a tashar jiragen ruwa ta Apapa, a Ikko (Legas). Bature na zaune a kujera da hularsa a gwiwa, akawu na tsaye gefensa rungume da babban littafi, sauran tara suna baya, ba takalmi, wasu da gammo a hannu. A bayan hoton an rubuta sunan Baturen da tawada, an rubuta na akawun, sannan aka ce "da leburori tara". Shi ke nan. A saman kan na uku daga hagu akwai ɗan ɗigon tawada, Inna ta ce Kaka ce ta sa shi, shi ne kakanmu. Ban taɓa ganin fuskarsa ba sai ranar, kuma ko a ranar ban gan ta sosai ba, don ta yi dishi-dishi. Ga su nan na ɗora duka huɗun. Wanda ya san wani abu a kan wuraren nan ko zamanin, don Allah ya taimaka mini.

'Yar Fagge:
Allah ya jiƙan Kaka, ya kai haske kabarinta. Wallahi Yaya sai da na yi ta jan hoton a waya har ya fashe, ina neman fuskar. Duk ya fi su tsayi.

Baba Tsohon Akawu:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ku haƙuri, ɗana. Ni katin Marina ne ya mayar da ni baya. Na sauka Ikko a 1964 ina saurayi, jirgin ƙasa ya kawo ni daga Kano ya sauke ni a tashar Iddo, na tsallaka gadar Kata da akwatina a ka. A lokacin ruwa har gindin titin Marina yake zuwa, kafin a cike gaɓar a shimfiɗa manyan hanyoyin nan na sama. Da la'asar mutum ya zauna ƙarƙashin itatuwan nan iska na kaɗa shi, yana kallon jirage suna wucewa Apapa. Ku dubi titin a katin nan, ko tsinke babu. A faɗi gaskiya komai ɗacinta: Bature ya iya tsara gari. Mu da muka karɓa me muka yi da shi?

Direban Tirela:
Baba ka gama magana. Ni da kaina na taɓa yin kwana goma sha ɗaya a layin shiga tashar Apapa, ina kwana ƙarƙashin mota, ina sayen ruwan alwala a jarka. Da na ga katin jirgin nan, fili fetal, ba mota ko ɗaya, sai na ji kamar in yi kuka.

Malama Mai Alli:
Baba, ina neman afuwa, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Amma a kan katin nan ina da ja. Kati haja ce, an buga shi ne don a sayar wa mai son ya nuna wa danginsa a Ingila cewa wurin da aka tura shi aiki wuri ne mai kyau. Mai hoton ya tsaya ne ya ba gari baya, ya fuskanci ofisoshin gwamnati da na kamfanoni. Da ya juya ya shiga lungu tafiyar minti goma, da wani garin daban ya ɗauko.

A 1924 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a Ikko, ta yi shekaru tana cin mutane, kuma a cunkusassun unguwannin talakawa irin su Oko Awo ta fi ɓarna. Ita ce ta sa aka kafa hukumar tsara birnin a 1928, aikinta na farko kuwa rushe gidaje ne. Ƙaramin jirgin ƙasan nan na cikin gari da aka fara a 1902, wanda ake yawan yaɗa hotonsa yana ɗauke da fasinja, bayan an daina jigilar mutane da shi bai tsaya ba. Ya ci gaba da aiki da daddare yana kwashe bokitan bahayan gari har 1933. Mutane ne ke ɗauko bokitan nan a ka daga gida-gida su kai masa. Ban taɓa cin karo da katin da aka buga da hotonsu ba.

Sannan tsarin da ake yabo, tsarin rarrabewa ne. Ikoyi unguwar Turawa ce, da magudanar ruwa tsakaninta da gari. Dokar zamanin Lugga ta ce a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin mazaunin Turawa da na baƙar fata. Mutanen Kano ba sai an ba su labari ba, su dubi yadda aka ware Nasarawa da birni da Sabon Gari.

Baba Tsohon Akawu:
'Yata, ban ƙi taki ba, karatu ya fi ni. Amma ke a takarda kika gani, ni da ƙafata na taka. Jirgin da na ce ya kawo ni, ranar da aka ce zai tashi ranar ya tashi. Famfo na zuba. In ka aika wasiƙa Kano tana isa. Ba cewa nake Bature ya so mu ba, ni ma na san wuraren da ake hana baƙin mutum shiga sai in aiki ya kai shi. Abin da nake faɗa shi ne abin da ya gina yana aiki, mu kuma mun bar shi ya lalace. Wannan laifin ba za a ɗora wa wanda ya tafi tun 1960 ba.

Malama Mai Alli:
A kan lalacewar, Baba, bakinmu ɗaya. Ni ma takaicina ke nan. Inda muka rabu shi ne tambayar don wa aka gina. Dogon da ya kawo ka ya isa Kano a 1911, ba don fasinja aka ja shi ba, don kaya ne. Da auduga Turawa suka sa rai, manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba suka koma mata, tun daga 1912 taragu suka fara sauka cike da ita. Dalar gyaɗar da muke alfahari da hotonta, ai jira take yi. Kaya ne ya fi ƙarfin jirgi, aka tula shi har a sami tarago. Ƙarshen kowace dala shi ne tulin buhunan nan da ke bayan kakan Ɗan Agege. Hoton Kano da hoton Apapa hoto ɗaya ne aka yanka biyu.

Mai Hoto Sabon Gari:
Bari in sa baki ta fannin sana'ata. Ɗan Agege, dishi-dishin fuskar kakanka ba tsufan takarda ba ne. Dubi Baturen, har maɓallan rigarsa ana ƙirgawa. Dubi akawun, shi ma tas. Kyamarar wancan lokaci tana son a tsaya cak na ɗan lokaci, wanda ya motsa sai ya fito kamar hayaƙi. Na zaune ya san za a ɗauka, ya shirya. Na bayan kuwa da alama daga bakin aiki aka kira su, suna haki. Kakanka ya ɗan juya kai ne daidai lokacin, kamar wanda aka kira daga gefe. Dubi na biyar, hannunsa ma biyu ya fito, yana share gumi.

Kuma kada a ɗauka duk tsohon hoton Ikko Bature ne ya ɗauka. Akwai George Da Costa, wanda ya bar aikin kantin littattafan mishan ya buɗe shagon hoto a 1895, shi ya ɗauki hotunan aikin shimfiɗa dogo da yawa. Akwai Walwin Holm, haifaffen Akara, da H. Sanya Freeman. Baƙaƙe ne 'yan'uwanmu. Sai dai mai biyan kuɗi shi ke faɗin inda za a sa kujera. In attajirin Ikko ne ya kira su gidansa, za ka ga shi ne a tsakiya da alkyabbarsa, da sunansa a ƙasa. In kamfani ne ya kira su, to ka ga irin naka.

Shawara: kada ka sa masa ruwa ko salatif, kada ka kai a manne shi da leda mai zafi. Ka ɗauke shi da waya a inuwa da safe, gaba da baya, ka mayar da shi cikin farar takarda.

'Yar Fagge:
Allahu akbar. Ashe haki yake yi. Wannan maganar ta taɓa ni fiye da komai.

Direban Tirela:
Malama tambaya gare ni. Katin jirgin nan, Apapa ce ko cikin gari? Don ni ban gane wurin ba, alhali na san Apapa kamar tafin hannuna.

Malama Mai Alli:
Ina ganin gaɓar kwastan ce ta Marina, don ga gine-ginen tsibiri a bayan jirgin. Ita ce tashar kafin Apapa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, Ikko ba ta da mashiga mai kyau tun asali. Akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa daidai bakin teku, igiyar ruwa na dukansa, manyan jirage ba sa iya wucewa. Sai su tsaya can waje, a zuba fasinja cikin wani akwati mai kujeru, a ɗaure da igiya a sauke su cikin ƙaramin jirgi. Kaya masu nauyi kuwa sau da yawa sai an kai su tashar Forcados da ke bakin kogin Neja a sauya musu jirgi. Maganin da aka yi shi ne dogayen katangun duwatsu da aka miƙa cikin teku don su tare yashi. Duwatsun daga Aro kusa da Abekuta aka fasa su, jirgin ƙasa ya yi ta jido su shekara da shekaru. Sai a 1914 babban jirgin wasiƙu ya fara shigowa ciki, shekarar da aka haɗe Kudu da Arewa. Apapa kuma an gama matsayan jiragenta na farko a 1926.

Ƙasar Apapa ɗin ma da rigima aka same ta. Gwamnati ta karɓe ta a 1913, ta ce basaraken da ke riƙe da ita, Amodu Tijani, mai sarautar Oluwa, ba mai ƙasa ba ne, don haka ba a biyansa kuɗin ƙasa. Mutumin nan bai haƙura ba. Ya hau jirgi har Landan a 1920 tare da Herbert Macaulay, ya kai ƙara kotun ƙoli ta daular Ingila, a 1921 aka ba shi gaskiya, daga baya aka biya fam 22,500. Akwai hotunansu a Landan, shi cikin manyan kaya. Duk lokacin da na nuna wa ɗalibaina hoton jirage a Apapa sai na ɗora wancan a gefensa.

Ɗan Zango:
Salamu alaikum daga Kumasi. Ina bin zancen nan tun jiya. Mu a nan Ikko ba baƙuwarmu ba ce. Tsoffinmu na zango suna ba da labarin yadda goro ya bar hanyar ƙasa ta Salaga, da jakai da tafiyar watanni, ya koma hanyar ruwa. A ɗaure huhu a kai bakin teku a Akara ko Sekondi, jirgi ya sauke a Ikko, dogo ya ɗauka zuwa Kano. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara bin wannan hanya tun kafin ya shiga gyaɗa. Saboda haka ba lebura kaɗai Bahaushe ya yi a tashar nan ba, ya yi fatauci, ya biya kuɗin jirgi da aljihunsa.

Amma akwai wasu hotunan da nake so a yi magana a kansu, na sojojin nan masu jar dara da ake rubuta wa "Hausawan Glover". A nan Gana ma akwai irinsu. Wasu gidajen zango daga cikinsu suka fito, don Glover, Baturen da ya mulki Ikko, ya kawo su yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874, wasu ba su koma ba.

Jikan Malam:
Waɗannan kam ba abin tunawa ba ne. Karnukan farautar Nasara ne. Da su aka ci Ijabu a 1892, kuma rundunar da ta tsiro daga irinsu ita ta fasa ganuwar Kano a 1903, ta shiga Sakkwato, ta bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi. Kakan kakana a wannan hijirar ya rasu. In na ga hotonsu sun jeru da bindiga suna ƙame, raina ɓaci yake yi. A daina cewa Hausawa ne ma.

Ɗan Zango:
Ɗan'uwa, a yi a hankali da kalmar karnuka. Kakannin wasu ne a cikin gidan nan.

Malama Mai Alli:
Jikan Malam, Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a Burmi, zafinka yana da dalili. Amma mu tambayi yadda aka yi suka je Ikko tun farko. Turawa sun yi wa garin ruwan wuta a 1851 suka kori Sarki Kosoko, a 1861 suka sa Sarki Dosunmu ya sa hannu ya miƙa shi. A 1863 Glover ya fara tara rundunarsa da mutum 18, kuma har yau sojan Nijeriya daga nan yake ƙirga asalinsa. Da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu a ƙasar Yarbawa. To wa ya kama su, wa ya sayar da su har suka kai kudu? Ba daga sama suka faɗo ba. Daga ƙasashenmu aka fito da su, ta kasuwanninmu suka bi. Mutumin da aka sayar tun yana yaro, ya gudo, wani ya ba shi riga da albashi ya ce ba mai sake kama shi, da wane bakin za mu ce masa ya ci amanar gida? Kuma ba duka ne Hausawa ba, duk wanda ya fito daga arewa yana jin Hausa haka ake rubuta shi. Ban wanke abin da aka yi da hannunsu ba. Ina cewa ne in za mu zargi hoton, mu ma muna ciki.

Jikan Malam:
Na ji, Malama. Kalmar da na yi amfani da ita na janye ta, Ɗan Zango ka yafe ni. Amma ba zan rataya hotonsu a ɗakina ba.

Ɗan Zango:
Ya wuce, Allah ya yafe mu baki ɗaya.

Baba Tsohon Akawu:
Kun sa na kwana ina tunani. Akwai abin da ban faɗa ba. Shekara 9 na yi ina riƙe da irin littafin nan da akawun ya runguma. Sunan jirgi nake rubutawa, da adadin buhu, da nauyi. Masu dako kuwa helima ke zuwa ya ce mutum kaza, in rubuta lamba. Da yawansu mutanen garinmu ne, muna sallar Juma'a tare, wani ma ya girmi ubana. Ban taɓa rubuta sunan ko ɗaya ba, kuma ba Bature ne a kaina ba a lokacin, ya riga ya tafi. Da na sake duba bayan hoton nan na ga "da leburori tara", sai na ga kamar rubutun hannuna. Maganata ta Marina tana nan, ban janye ba, wurin ya yi kyau. Amma wannan ma gaskiya ce.

'Yar Fagge:
Allah ya ƙara girma, Baba.

Mai Hoto Sabon Gari:
Abin da ke ba ni tsoro shi ne wani lokacin hoton kaɗai ke saura. Gidan nan na Ilojo da ke kusa da dandalin Tinubu, ginin waɗanda suka dawo daga bauta a Birazil, gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, amma a watan Satumba na 2016 aka wayi gari an rushe shi. Na taɓa tsayawa gabansa na ɗauke shi, yanzu ɗan abin da ke cikin kwamfutata ya fi abin da ke filin. Wanda ya je Ikko ya daure ya leƙa masallacin Shitta-Bey a titin Martins, na 1894, yana nan tsaye ana salla a ciki. A ɗauke shi tun yana nan.

Ɗan Agege:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Inna duk abin da kuka rubuta. Da na zo kan maganar haki sai ta yi shiru, can ta ce ta tuna wuyansa. Wai bayan wuyansa da kafaɗarsa sun yi kanta, baƙi ƙirin kamar fatar ganga, tana yarinya takan sa yatsa ta danna ya ce mata ba ya ji. Da daddare Kaka ke dafa ruwa ta gasa masa da tsumma, ta shafa man kaɗanya. Ta ce yakan ba su labarin shekarar da aka yi babban yajin aiki, jirage suka yi cirko-cirko ba mai sauke su, gida ba ko anini sai abin da Kaka ta samo daga sayar da ƙosai.

Malama Mai Alli:
Wannan yajin 1945 ne, wanda su Michael Imoudu suka ja. Ya fi wata guda, ma'aikatan dogo da na tashar ruwa na cikin waɗanda suka tsayar da ƙasar. Ka ga ka sami abin da za ka kimanta shekarun hoton da shi. Ka tambayi Inna ko kafin aurensa da Kaka ne ko bayansa.

Ɗan Agege:
Na dawo da labari. Jiya bayan la'asar na kai hoton wurin wani dattijo a unguwarmu, ya haura shekara 90, tun yana yaro yake kai wa masu dako abinci. Idonsa ya yi rauni, sai da na ƙara masa girman hoton a waya, fuska ɗaya bayan ɗaya. Kakana bai gane shi ta fuska ba, ta tsayuwa ya gane shi, ya ce ai wannan Dogo ne, haka yake karkata kafaɗar hagu. Ya gane wasu uku. Na farko daga dama ya ce mutumin Haɗeja ne, shi ke ba da waƙa in ana ɗaga buhu saura su amsa. Mai share gumin nan Bazabarme ne daga wajen Dosso, ya tara kuɗi ya tafi Makka a ƙasa, ba a sake jin labarinsa ba. Na kusa da akawun kuma ladan ne a masallacinsu, buhu ya faɗo masa a baya, ya ƙarasa rayuwarsa yana saƙar tabarma. Dattijon ya yi ta maimaita laƙabinsu yana yi musu addu'a, ni kuma ina rubutawa a wata takarda daban da fensir, da boko da ajami, na sa ta cikin ambulan ɗin.

Saura biyar. Ya ce ɗaya daga cikinsu mai tsage a kumatu kamar daga ƙasar Gobir yake, amma sunan ya ɓace masa, in koma ranar Juma'a ko zai faɗo masa. Na sake ɗora fuskokin biyar ɗin ɗaya-ɗaya a ƙasa. Duk wanda kakansa ya yi dako a Apapa wajen shekarun 1940, don Allah ya nuna wa tsoffin gidansu.

Direban Tirela:
Na tura wa ƙanen babana a Gusau, babansu ya yi Ikko a lokacin. Jibi ina da lodi a Apapa, in na fito zan biyo ta Agege in ga hoton da idona, in ba damuwa.

Ɗan Agege:
Ba damuwa ko kaɗan, Yaya. In ka iso ka yi mini magana in fito in tarye ka.